Ina Tsoron In Mutu A Manta Da Ni

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 61. Allah Ya ba ni 'ya'ya uku, duka mata. Biyu suna ɗakin mazajensu, autar kuma tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Bara aminina na ƙuruciya ya rasu, wanda shagonsa ke kallon nawa. Ba a rufa wata takwas ba magada suka sayar da shagon, aka shafe sunansa daga allon, yanzu wani yaro ne ke sayar da shadda a wurin, ko sunan marigayin bai sani ba. Tun daga nan na rasa sukuni, ga hawan jini ya sa ni gaba. Ina da gidan da muke ciki, da shaguna biyu, da fili guda a bakin titi. Na ƙudura sayar da filin da shago ɗaya in gina masallaci a ƙauyenmu a sa masa sunana. Uwargida ta ce sam, wai da me za a ƙarasa karatun auta a yi mata kayan ɗaki, kuma me za mu ci idan ƙarfi ya ƙare? Ƙanena kuwa cewa ya yi in ƙara aure ko Allah Zai ba ni namiji, don wanda bai bar namiji ba gidansa ya mutu. Babbar 'yata ta ce mini, "Baba, wanda ke kabari me suna zai yi masa?" Maganarta ta tsaya mini a rai. Shin barin abin da za a tuna da mutum yana da wani amfani, ko son zuciya ne kawai?

Wani Alhaji, daga Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya jiƙan amininka, Ya haskaka makwancinsa, kai kuma Ya ba ka lafiya mai ɗorewa.

Duk cikin wasiƙarka, allon nan ne ya fi tsaya mini. Shekara da shekaru kuna buɗe shago tare, kuna zama a benci ɗaya, ana kiran la'asar ku ja ƙofa ku tafi sahu ɗaya, sai ga shi rana guda mai fenti ya zo da gwangwaninsa, kafin azahar ya gama da sunan. Kai kuma kana zaune a tsallake kana kallo. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta dole ka shafa wa naka ruwa, don haka ban yi mamakin rasa sukuninka ba. Sai dai ina so ka san cewa har yanzu cikin makoki kake, kuma mai makoki ba ya sayar da fili. Ka ajiye maganar sayarwa tukuna, ko da wata shida ne. Filin ba ya da ƙafa.

Ka tambaya ko son zuciya ne. Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, da kansa ya roƙi Allah Ya sanya masa kyakkyawan ambato a cikin na baya, yana nan a Suratus Shu'ara'i, aya ta 84. Abin da badaɗin Allah ya roƙa ba zai zama abin kunya ga ni da kai ba. Ɗan Adam haka aka halicce shi, ba ya son a ce ya zo ya wuce kamar sawun ƙafa a rairayi.

Amma 'yarka ma ba ta faɗi ƙarya ba, kuma ina ganin yarinyar nan tana da kai. Gwada wannan yau da daddare: ka lissafo sunan mahaifinka, da na kakanka, da na mahaifin kakanka, ka ci gaba. Na taɓa yin haka a wani taron suna na danginmu, muna zaune fiye da mutum ashirin, har da masu furfura. A na huɗu muka tsaya cak. Wani ya ce Malam Audu ne, wani ya ce a'a Audu ƙanensa ne, aka yi ta musu har aka kawo abinci. Mutumin nan kuwa shi ya sari dajin da ya zama gonar da har yau ake raba mana hatsinta duk kaka, kuma ya bar 'ya'ya maza reras. Sunansa ya ɓace a bakin jikokin jikokinsa, gonar kuwa tana nan tana ciyar da su. Suna haka yake, in ba na annabawa da ƙalilan daga bayin Allah ba, yakan yi zamani uku ko huɗu ya dushe, ko an rubuta shi a bango ko ba a rubuta ba.

Shi ya sa nake son hadisin nan da Muslim ya ruwaito, wanda na san ka sha ji a wurin ta'aziyya: idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai daga abu uku, sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ka duba ukun nan da kyau, Alhaji. Babu wanda aka gindaya wa sharaɗin a san sunan mai shi. Matar da ta ɗebi ruwa a rijiya ba sai ta san wanda ya haƙa ba kafin a rubuta masa lada. To amsata ga tambayarka ita ce, barin abin da zai ci gaba da amfanar mutane yana da amfani ƙwarai, shi ne ma zai bi ka cikin kabarin da 'yarka ke magana. Sunan kuwa rakiya ne, wani lokaci ya biyo baya, wani lokaci ya tsaya a hanya. Ai a Kano kake, ka san yadda har gobe ake ambaton Audu Bako, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975. Manomin rani a Kura ko Kadawa da ke ban ruwa daga madatsar Tiga ba allo ya karanta ba, ruwa ya gani a gonarsa.

Gina masallaci alheri ne babba, kuma ba ni zan hana ka ba. Wanda ya gina masallaci domin Allah, Allah Zai gina masa gida a Aljanna, haka hadisi ya ce. Kalmar "domin Allah" ce nake so ka auna zuciyarka da ita, kai kaɗai, ba sai ka gaya wa kowa sakamakon ba. Da za a ce maka an yarda ka gina, amma ba za a sa sunanka ba, kuma ba za a sanar da kowa kai ka gina ba, za ka sayar da filin? In zuciyarka ta ce e, madalla. In ka ji ta ɗan ja baya, kada ka tsani kanka, yawancinmu haka muke. Alama ce kawai ta cewa niyyar tana buƙatar wanki kafin a zuba mata miliyoyi.

Sannan ka tambayi ƙauyen kansa. Yaushe rabonka da ka kwana biyu a can? A unguwar da na tashi akwai layin da ke da masallatai uku, ladanai na kiran salla suna haɗa murya, sahun asuba a kowanne bai cika ɗaya ba, ɗaya daga ciki ma rufinsa na yoyo shekara uku saboda wanda ya gina ya rasu, magada kuma kowa ya kama gabansa. A layin nan kuma yara ke tafiya da jarkoki neman ruwa tun kafin gari ya waye. Ka je ƙauyenku ka zauna da mai gari da liman, ka sa Hajiya ko wata 'yar'uwarka ta ji ta bakin mata, don su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi. In masallacin Juma'a ne ya yi kaɗan, za su faɗa. Watakila kuma ka tarar ruwa ne matsalar, ko ajin makarantar Islamiyya da iska ta yaye wa kwano, ko ɗakin haihuwa da ba shi da wuta. Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya a Madina ya bar wa jama'a, saboda a lokacin ruwa ne ya gagari mutane.

Ko me ka zaɓa, ka yi tunanin wanda zai gyara shi ranar da ya lalace. Ƙauyukanmu cike suke da rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda famfon da bai kai ya kawo ba. A nan ne nake ganin sayar da shagon kuskure ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara ya nemi shawara, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. Tushen wakafi ke nan, abin da ake kira hubusi. Shago a Kwari kaza ce mai ƙwai. In ka sayar ka yi gini, kuɗin ya ƙare ranar da aka ɗaura ƙofa. In ka bar shi, kana iya ware wani kaso na kuɗin hayarsa duk shekara ka fara da ƙaramin aiki yanzu, kana raye kana gani, ka ga waye mai amana a ƙauyen, waye mai baki kawai. Daga baya sai ka rubuta wasiyya cewa bayan ranka shagon, ko wani kaso nasa, ya zama wakafi na kula da aikin, matuƙar bai wuce sulusin dukiyarka ba.

Na ambaci sulusi, to bari in zo kan Hajiya, don a ganina ita ce ta fi kowa gaskiya a gidan, ko da yake na san ba haka ka so ji ba. Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka a shekarar Hajjin Bankwana, har ya fitar da rai. Yana da dukiya, kuma a lokacin 'ya mace guda gare shi. Ya nemi ya sadakar da kashi biyu cikin uku, Annabi ya ce a'a. Ya ce rabi, ya ce a'a. Ya ce sulusi, sai ya ce to sulusi, sulusin ma da yawa, ka bar magadanka cikin wadata ya fi ka bar su matalauta suna miƙa hannu ga mutane. Ka ga yadda labarin ya yi kama da naka? Kuma Sa'adu bai mutu a wannan ciwon ba, ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya. Kai ma ba ka san abin da ya rage maka ba. In Allah Ya ba ka shekara 85, kuɗin magani da cefane na shekara 24 daga ina za su fito in an sayar da rabin abin da ake da shi?

Akwai kuma abin da nake zaton Hajiya ba ta furta ba, saboda kunya ko gudun a ce tana yi maka fatan mutuwa. In iyayenka sun rasu, kuma ka riga ta, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya za a kasa abin da ya rage gida 24. Ita tana da tumuni, wato 3. 'Ya'yanka mata su uku suna da kashi biyu cikin uku, wato 16. Ragowar 5 na 'yan'uwanka ne. Rabon Allah ne, ba mai ja da shi. Amma gidan da take ciki yana cikin abin da za a kasa, kuma ta ga matan da aka ce su kwashe kayansu bayan takaba don za a sayar da gida a fitar wa kowa haƙƙinsa. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu tana tattalin gidanka, in ta ji ana maganar sayar da fili, wannan hoton take gani. Ka zauna da ita ku biyu, ka ce mata, "Hajiya, me kike tsoro?" ka yi shiru ka saurara. Shari'a ta ba ka damar yin kyauta kana da lafiyarka, ga matarka ko ga 'ya'yanka, da sharaɗin ka daidaita tsakanin 'ya'yan, kuma wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa tun kana raye, don a mazhabarmu ta Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado. Wasiyya kuwa ba a yi wa magaji. Kada kuma ka yi kyautar da niyyar toshe wa ƙanenka rabonsa, wannan wata rigimar ce da Allah. Ka nemi malami masanin gado ya zauna da kai a kan takardun, ba a tsaitsaye bayan salla ba.

Shi kuwa ƙanenka, ina kyautata masa zato. Ka lura ma shawararsa ba ta amfane shi ba, don in ka sami namiji shi ba ya da ko sisi a gadonka. Abin da ya taso ya ji ana faɗa ne ya faɗa. Amma maganar cewa gidan da ba namiji ya mutu tsohuwar magana ce, kuma an riga an ba ta amsa. Ita ce gorin da mushirikan Makka suka yi wa Annabi da 'ya'yansa maza suka rasu, suka ce mai yankakken baya ne, Allah Ya mayar musu a Suratul Kausar. Zuriyarsa ta hanyar Nana Faɗima ta yaɗu a duniya. A nan gida ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, amma tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda jajis, wato malamai mata, ke bi ƙauye ƙauye suna karantar da mata, bai mutu da ita ba, kuma cikin 'ya'yan Shehu kaɗan ne ake ambata kamar ta. Malamai sun bayyana cewa "ɗa nagari" a hadisin nan ya haɗa namiji da mace. Kana da uku. Ɗaya daga ciki, in ka tsaya mata ta gama, za ta yi shekaru tana karɓar haihuwa tana ɗaura wa marasa lafiya ruwa, kuma da kuɗinka ta koya. Ni ban ga sadakar da ta fi wannan gudana ba a cikin duk abin da ka lissafa.

Ƙarin aure halal ne, ba zan ce maka haramun ba. In kana da buƙatarsa, da lafiya, da halin adalci, wannan tsakaninka da iyalinka ne. Sai dai aure don neman namiji caca ce, Allah ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza. Ko an dace, yaron da aka haifa kana da 63 zai shiga sakandare kana da 75. Ka tambayi kanka wa zai riƙe shi, kuma yarinyar da za a auro ta san an auro ta ne don ta haifi magaji, ya zamanta zai kasance in ta haifi mace? Ka gode wa ƙanenka, ka ce ka ji, ka bar maganar a nan.

Wani abu da ba ka ambata ba, amma na san duk ɗan Kwari yana da shi: yaran shago. Nawa suka bi ta hannunka? Wa ya koya musu gane shadda ta gaske daga jabu da taɓawa kawai, da yadda ake karɓar bashi ba a ɓata da abokin ciniki ba? In akwai wanda ya daɗe yana yi maka hidima, ka sallame shi da jari, ko da dila biyu ne, ka haɗa shi da masu ba ka kaya. Irin wannan yaron ne za ka ji bayan shekara 30 yana gaya wa nasa yaran, "Maigidana, Allah Ya jiƙansa, haka ya koya mini." Manyan gidajen kasuwancin Kano da yawa ta haka suka tashi.

Sauran aikin na biro da takarda ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka sayi littafi ka rubuta duk abin da ka mallaka, da inda takardun suke, da wanda kake bi, da wanda ke bin ka, har kuɗin ajiyar mutane in akwai a hannunka. 'Yan kasuwa da yawa sun tafi da lissafinsu a ka, aka bar iyali da masu zuwa da "marigayi ya ce zai ba ni". Ka rubuta wasiyyarka gaban shaidu biyu adilai, ka sa lauya ya duba takardun filin da na shagunan, kuma don tsarin wakafin kana iya tuntuɓar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano. Bayan nan ka tara Hajiya da 'ya'yanka da ƙanenka ka karanta musu da bakinka. Za a yi kuka, wata ma ta ce, "Haba Baba, daina wannan magana." Ka bar su su yi, ka ƙarasa karatunka. Kuɗin makarantar auta da kayan ɗakinta ka ware su gefe kafin komai.

Hawan jinin kuma kada ka yi wasa da shi. Ka riƙa shan magani ko ka ji garau, ka rage gishiri, ka riƙa zuwa awo. In tunanin mutuwa ya kai ga hana ka barci ko cin abinci makonni a jere, ka gaya wa likitanka kai tsaye, damuwa ma ciwo ce da ake magani.

Sai amininka. Ka ce yaron da ke shagon bai san sunansa ba. To kai ka sani. Gobe in ka buɗe, ka tsallaka ka gaisa da yaron, ka gaya masa wanda ya zauna a wurin kafin shi, da irin halinsa. Kada kuma ka riƙe magadan a zuciya, mai yiwuwa bashi ne ko rabon gado ya tilasta musu sayarwa. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka ɗauki Hajiya ku je ku gaida iyalinsa, ka riƙa musu ko da kwanon shinkafa ne, ka tambaya ko cikin yaransa akwai wanda kuɗin makaranta ya tsayar. Ina jiran wasiƙarka in ka dawo daga ƙauye, ina so in ji abin da matan suka ce.